Sukari a Gahawar Baban Ƙudus

Wanda ya fara yi mini ta'aziyyar Baba ba Bahaushe ba ne, ba kuma Balarabe ba. Ba'indiyen da ke kawo mana shayi ne a mamak, wato gidan abincin da ke ƙarƙashin benenmu a unguwar Wangsa Maju, a Kuala Lumpur. Na sauko da safe ban ce masa komai ba, ya dubi fuskata, ya dubi teburin kusurwa inda Baba ke zama, sai ya je ya kifa kujerar a kan teburin. Daga nan mutane suka yi ta zuwa. Tsohuwar Bamaleshiyar da ke maƙwabtaka da su Baba ta tsaya a bakin lif tana kuka, tana cewa wa zai riƙa gaishe ta da yaren da ba ta ji. Ɗalibanmu 'yan Arewa suka cika matakala, wasu da jakar makaranta a baya. Wani ɗan Gusau da ke karatun injiniya, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, ya jingina da bango yana ta maimaita cewa jiya-jiya Baba ya tsokane shi a kan gemunsa. Daga Allah muke, kuma can za mu koma, kowa ya faɗa. Amma ni ban samu sukunin kuka ba a ranar, saboda tun kafin a wanke gawa na ga abin da ke tafe.

Mutum biyu ne suka tsaya a falon Baba, kowanne da jama'arsa a bayansa, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Ɗaya surukin Baba ne, mijin 'yarsa, mutumin Nablus mai shagon yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman. Ɗayan ɗan ƙanwar Baba ne, wanda ya tashi a Gaza, yake koyarwa a wata jami'a a nan. Surukin yana tare da hukumar Falasɗinawa da ke Ramallah, ya yarda a zauna a teburi a karɓi ƙasa ko da rabi ce, a gina ta. Ɗan ƙanwar yana ganin wannan sayar da gida ne, kuma tun da yaƙi ya ci mahaifiyarsa da ƙannensa ya daina ko amsa sallamar surukin. Kowannensu ya riga ya fara kiran waya yana shirya nasa zaman makokin a nasa wurin.

'Yar Baba, wadda nake kira Yaya, ta aiko a kira ni bakin ƙofar ɗaki. Muryarta ta dushe, amma maganar a tsaye take.

"Ƙanena, an raba masa ƙasa yana raye. Ba za a raba masa makoki ba. Tabarma ɗaya nake so, kuma kai za ka haɗa su."

Na ce to, don ba a ce wa Yaya a'a a irin wannan rana.

Bari in faɗi wane ne Baba, don dalilin rubutun ke nan. Ina tsoron nan da 'yan shekaru mu da muka san shi mu watse, kowa ya koma jiharsa da digirinsa, a rasa mai ba da labarinsa. Bafalasɗine ne, baƙi kamar ni, haifaffen tsohon birnin Ƙudus. Kakansa ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa zuwa aikin hajji, ya zarce Ƙudus ziyara, ya samu aikin gadin ƙofar masallaci, bai sake komawa ba. Hausar da ta rage a bakin Baba ta kakarsa ce, tsohuwa, gutsi-gutsi. Ranar da na fara ganinsa, muna cikin lif ni da maiɗakina muna gardama a kan cefane, sai wani dattijo mai rawanin Larabawa ya juyo ya ce mini, da wata irin Hausa mai nauyi, in bar yarinya ta huta. Saura kaɗan ledar hannuna ta faɗi. Tun daga ranar ya ce ni ɗansa ne, mu kuma muka sa masa Baban Ƙudus. Sauran hirarmu da Larabci muke yi, tunda shi na karanta, yana gyara mini yana dariya wai ina magana kamar littafi.

Ya zo Kuala Lumpur ne jinyar matarsa, jinya ta yi tsawo, ta rasu, shi kuma aka ce ya daɗe a waje, izinin zamansa a garin da aka haife shi ya faɗi. Ba ya son a yi masa jaje a kan wannan. In an taɓo zancen sai ya ce kakansa ya keta Sahara da Maliya ba wanda ya tambaye shi takarda, shi kuma jikan an hana shi ƙofar ɗakin da aka yanke masa cibiya, to a gaya masa wanne ne ci gaban. Yakan faɗa yana murmushi, amma hannunsa na matse carbi.

Babbar al'adarsa ita ce zaman Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci sai ya sa a haɗa tebura a mamak, ya sayi roti, gurasar Indiyawa, ga kowa don mai wurin ya ƙyale shi ya shigo da butar gahawarsa. Surukin da mutanensa a dama, ɗan ƙanwar da nasa a hagu, mu Hausawa a tsakiya. Da farko na ɗauka karramawa ce. Sai da ya gaya mini da bakinsa cewa mu ne iyakarsa, kuma mu kaɗai ne iyakar da ya taɓa gani wadda ake miƙo abinci ta kanta. Finjali ɗaya tak yake kawowa. Ya zuba, ya miƙa wa na damansa, a sha a dawo da shi, ya ɗauraye, ya zuba wa na gaba, har a zagaye. Wanda duk ya ƙi sha bayan abokin gabarsa, to ya ƙi hannun Baba ke nan, kuma ba mai wannan ƙarfin halin. Gahawar kuwa ɗaci kamar maɗaci. Mu da muka saba zuba sukari a shayi sai cokali ya kusa tsayawa a ciki, haɗiya kawai muke yi muna yaƙe. Mun yanke hukunci a tsakaninmu cewa tsoho na da ciwon sukari, ba mu kuma tambaya ba.

A teburin nan na koyi rikicin Falasɗinu, ba irin na allo ba. Surukin zai zana taswira da yatsa a kan ruwan da kofi ya bari, ya ce ga Gaɓar Yamma, ga Gaza, ga gabashin Ƙudus, a ba su wannan su kafa tuta su numfasa. Ɗan ƙanwar zai miƙo hannu ta gabana ya shafe zanen, ya ce garin kakanninsa na wajen ubansa ba ya cikin wannan layin, wa ya ba wani izinin yafe shi. Surukin ya ce masu cewa duka ko babu sun jawo wa mutane babu. Ɗan ƙanwar ya ce masu zaman teburi sun tsufa a kan kujera, ƙasar da suke ciniki a kanta kullum raguwa take. Duk wanda ya juyo ga Baba neman goyon baya, tambaya ɗaya yake samu: wannan shugaban naka, yaushe rabon da a tambaye ka ko kana sonsa? Ba ya ware kowane ɓangare. Ya ce shi ya ga shugabanni masu rawani da masu kwat, duk sun yi masa alkawarin ƙofar gidansa, kuma har yau a Wangsa Maju yake biyan kuɗin wuta.

Sau ɗaya muka yi faɗa da shi, kuma har yanzu ina ganin ina da gaskiyata. Lokacin da wasu manyan ƙasashe suka ce sun amince da Falasɗinu a matsayin ƙasa, mu ɗalibai muka yi murna, na sayo kek daga kasuwar Chow Kit na hau masa da shi. Baba ya dubi kek ɗin ya ce in mayar. Na ji haushi, na ce masa ai ko ba komai mataki ne, bai kamata mutum ya raina abin da aka daɗe ana nema ba. Ya ce madalla, to tunda yanzu yana da ƙasa, in gaya masa ta wace ƙofa zai shiga, kuma wa zai tarar a bakin ƙofar riƙe da bindiga. Na ce shi dai ba a iya masa. Ya ce ni kuma yaro ne mai fasfo. Na sauko da kek ɗina, na yi mako ban hau ba. Shi ya sauko da kansa, da sandarsa, ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya tambayi maiɗakina ko akwai sauran tuwon da kakarsa ke ba shi labari. Bai ce in yi haƙuri ba, ni ma ban ce ba, muka ci tuwo.

Alherinsa kuwa ba zan iya lissafawa ba, amma ɗaya ya isa. Da maiɗakina ta haihu, ba uwa ba uba a kusa, tiyata aka yi mata, ni kuma na rikice. Baba ya sa Yaya ta tare a gidanmu. Shi ya tauna dabino ya sa wa jaririyar a baki, shi ya yi mata huɗuba, ranar suna ya zauna a mazaunin kaka yana karɓar barka kamar a Kano aka haife shi. Yarinyar, Nana, ta tashi tana kiransa Kaka, tana ba shi amsa da Turanci da Malayanci, yana cewa ita ma ta zama 'yar gudun hijirar harshe. Wannan mutumin ne aka ce in haɗa masa makoki wuri ɗaya.

An yi jana'iza bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar Musulmi a nan garin. Surukin ya kama makara ta dama, ɗan ƙanwar ta hagu, kuma ko a bakin kabari ba su haɗa ido ba. Daga can na fara zirga-zirga. Surukin ya ce zai zo, amma za a rataye hoton Baba tare da tutar ƙungiyarsu, tunda a gidansa ya rasu. Ɗan ƙanwar ya ce zai zo, amma sai an kafa kyallen da ke ɗauke da taswirar ƙasar gaba ɗaya, tunda jininsa ne. Limamin surau ɗin unguwa, wato ƙaramin masallacinmu, ya ba mu zauren ƙasa da sharaɗin ba siyasa, ya ce in aka ɗaga murya zai rufe, kuma ba ya fatan 'yan sanda su shigo cikin maganar baƙi masu zaman biza. Na koma wa kowannensu na ce bango zai zauna fari fat, wanda bai yarda ba ya je ya faɗa wa Yaya da bakinsa. Ba wanda ya je. Haka aka samu tabarma ɗaya, amma kowa ya san da ƙyar take riƙe.

Washegari da la'asar zaure ya cika. Mutanen surukin suka jeru a bangon dama, na ɗan ƙanwar a bangon hagu, mu kuma ba wanda ya gaya mana, muka zauna a tsakiya kamar kullum. Ana ruwa a waje, fanka na juyawa, ba ka jin komai sai addu'a ƙasa-ƙasa. Yaya ba ta iya tsayuwa ba, don haka matanmu suka karɓi kicin, maiɗakina ce a gaba. Aka miƙo mini butar Baba da finjalinsa, aka ce ɗansa ne zai zuba. Na fara daga dama.

Surukin ya kurɓa, ya tsaya, ya dube ni, sannan ya dubi bangon hagu. Ya miƙo finjalin, amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Mutanensa suka sha ɗaya bayan ɗaya, fuskokinsu na canzawa, ni kuma na ɗauka baƙin ciki ne. Da aka zo kanmu sai na ga 'yan'uwana na shanyewa har da lasar baki. Ɗan Gusau ya raɗa mini cewa yau kam gahawar ta yi. Ban kawo komai a raina ba, na tsallaka hagu na miƙa wa ɗan ƙanwar.

Ya kai baki, ya sauke. Bai miƙo mini ba, ya ajiye finjalin a kan tabarma a cike, abin da a wurinsu ba ƙaramar magana ba ce. Ya yi magana a hankali, amma kowa ya ji.

"Wa ke bikin mutuwar kawuna?"

Surukin ya ce, "Tambayar da nake shirin yi maka ke nan. A gidana ba a taɓa sa sukari a gahawar makoki ba."

Sai a lokacin na gane. A wurinsu gahawar makoki ba ta ganin sukari, zaƙi na ranar farin ciki ne. Kowane ɓangare ya ɗauka ɗayan ne ya yi da gangan, don ya wulaƙanta zaman da aka tilasta masa. Samarin hagu suka fara miƙewa, na dama ma haka. Wani ya ambaci 'yan amshin shata, wani ya mayar da maganar masu jawo wa mutane kabari. Na hango liman a bakin ƙofa da makulli a hannu. Na tuna Yaya tana bayan labule tana jin komai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kafin in buɗe baki, maiɗakina ta ɗaga labulen. Mace ce mai kunya, ko a gabana ba ta cika ɗaga murya ba, amma ta fito da gwangwanin sukari a hannu ta tsaya a gaban maza. Ba ta jin Larabci, ta dai ga abin da ke faruwa. Ta ce mini da Hausa:

"Abban Nana, gaya musu ni ce. Na ɗanɗana na ji ɗaci, na ɗauka Yaya ta manta saboda ruɗewa. Na ce ba za a ba baƙin Baba abu ba daɗi ba. Gwangwani guda na juye."

Na fassara kalma bayan kalma, har da gwangwanin. Surukin ya dubi gwangwanin, ya dubi layinmu na tsakiya, inda ɗan Gusau ke ƙoƙarin goge bakinsa a ɓoye. Ɗan ƙanwar ma mu yake kallo. A karo na farko tun da na san su, fuskokinsu suka nuna abu ɗaya, wato mamakin yadda mutane za su yi shekaru suna zama a tsakaninsu ba su fahimci wannan ba. Wani tsoho a dama ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya mayar da ita tari. Samarin suka koma suka zauna ɗaya-ɗaya.

Ɗan ƙanwar ya sunkuya ya ɗauki finjalin daga tabarma. Ya ce wa maiɗakina, ta bakina, Allah ya saka mata, kawunsa ma da zai yi dariya. Sannan ya karɓi butar daga hannuna ya nufi kicin. Surukin ya miƙe ya bi shi, yana cewa mutanen Gaza ba su iya gahawa ba, ƙona ta suke yi. Mata suka fito suka ba su wuri. Muna zaune muna jiyo su, suna gardama a kan yawan hel, 'ya'yan ƙamshin da suke dakawa a ciki, da kuma sau nawa za a bar ta ta tafaso. Muryoyin na tashi suna sauka, liman na tsaye da makullinsa bai san ko ya rufe ko ya bari ba. Da suka fito, surukin ne riƙe da buta, ɗan ƙanwar riƙe da finjali. Suka fara daga dama, suka bi ta kanmu, suka ƙare a hagu. Ɗacin ranar ya fi na kullum, kuma ba Bahaushen da ya yi yaƙe.

Ba zan yi ƙarya in ce sun shirya ba. Har aka tashi makokin ba su yi zancen ƙasa ba, kuma bayan an tashi kowa ya koma kan bakansa. Surukin na nan yana jiran teburin sulhu, ɗan ƙanwar na nan yana cewa ba a yafe gari. Amma buta ɗaya aka sha har ƙarshe, a kan tabarma ɗaya, kuma abin da Yaya ta roƙa ke nan.

Da na je yi mata sallama a ranar ƙarshe, na ba ta haƙuri a kan sukarin, na ce wallahi mun ɗauka ciwon sukari ne ya hana Baba sha, shi ya sa ba mu taɓa tambaya ba. Ta dube ni da jajayen idanu.

"Baba ba shi da ciwon sukari, ƙanena. A Ƙudus cokali uku yake sawa, mahaifiyata na yi masa faɗa. Ranar da aka ce ba zai koma ba ya daina."

Na sauko matakala a hankali. Ashe duk Juma'ar nan da muke zaune a tsakiya muna yaƙe muna tsokanar juna, zaman makoki muke taya shi, bai taɓa gaya mana ba. A nan kukan da ban yi ba ya zo mini, na zauna a kan matakala na yi shi sosai.

Allah ya jiƙan Baban Ƙudus, ya ba shi gidan da ba mai tsayawa a ƙofarsa ya tambaye shi takarda. Ya ba Yaya haƙuri, ya sanyaya zukatan mutanen nan biyu da ya bari.

Yanzu ranar Juma'a tebur biyu ake yi a mamak, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ba mai haɗa su. Ni kuma ina jawo kujera in zauna a filin da ke tsakani. Ba'indiyen ya daina tambayata abin da zan sha. Baƙin kofi yake kawo mini, babu sukari.